Ƙafata da Ke Ajiye Wurin Alhaji Ndagi

Ku ɗaliban da ake turo mana domin sanin makamar aiki, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar da ya zaci ina cikin sito. Cewa ya yi wai aikin kantin magani bai wuce miƙa katin ƙwaya da faɗin "Allah Ya ƙara sauƙi" ba, kuma duk wanda ya iya sayar da biskit zai iya shi. Ban tanka masa ba a lokacin, domin akwai wata mai juna biyu da ke jiran in duba takardarta. Amma ni ba na barin magana ta wuce ba amsa. Ga tawa a rubuce. Ku karanta ta a tsanake, wayoyinku kuma su zauna a aljihu.

Sunana Zubairu. Harhaɗa magunguna na karanta, a kansa kuma na yi furfura a garin nan na Minna. Rabin mutanen gari suna kirana Likita, sauran suna kirana mai kemis. Duka biyun kuskure ne, na gyara har maƙogwarona ya bushe, ba wanda ya gyaru.

Aikin farko da aka ba ni bayan na fito daga makaranta shi ne tsayuwa. A Sabon Gari na yi koyon aiki, a kantin wata dattijuwa da kowa ke kira Madam, jikar wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zo daga kudu ya zauna. Na iso da takardar shaidata a cikin ambulan, ina jiran a miƙo mini makullin durowar magunguna masu haɗari, sai ta nuna mini wani lungu kusa da firji ta ce in tsaya can in saurara. Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai farantin ƙirga ƙwaya da ɗan ƙarfen da ake tura su da shi, domin yatsa ba ya taɓa abin da wani zai haɗiya. Akwai cokalin awo, da 'yan ledojin zuba magani, da alƙalamin da take zana rana da wata a jikin leda saboda wanda bai yi karatu ba, da babban littafin rajista. Sai kuma wata rula ta katako wadda ban taɓa ganin ta auna komai da ita ba. Amfaninta guda ne: idan ma'aikaci ya miƙa hannu zai ba da magani bai yi tambaya ba, sai a ji saukarta a kan kanta, wato teburin da ake miƙa magani, ƙwas! Tambayoyin kuwa ba sa canjawa. Wa zai sha? Ya taɓa shan irinsa jikinsa ya ƙi karɓa? Wane magani kuma yake sha yanzu, har da na gargajiya? Idan mace ce, tana da ciki ko tana shayarwa?

"Kai Zubairu," in ji Madam, da Hausarta ta Sabon Gari, "magani ba goro ba ne. Goro, ka ba kowa. Magani yana da mai shi."

Na amsa da to, ina ɗaukar maganar a matsayin ɗaya daga cikin surutan tsofaffi. Sai da Madam ta daɗe da barin duniya na ga an zuba magani da goro a faranti guda.

Wata rana, bayan na buɗe nawa kantin, wani tela ya shigo yana jan hanci, ya ce in ba shi kafso mai ja da rawaya, mura ce ta dame shi. Na bayyana masa cewa wannan jinsin magani, wanda muke kira antibayotik, aikinsa kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya, irin masu shiga huhu su kawo zazzaɓi da ciwon haƙarƙari da majina mai kauri, ko masu bi ta miki su kumbura fata, ta yi ja, ta yi zafi. Mura ba su ke kawo ta ba. Ko kwali guda ya shanye, ba abin da zai ragu sai lafiyar cikinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ni kafso na zo saye, ba lacca ba." Ya tsallaka titi ya saya wurin mai talla a faranti, wanda rana ta gama dafa masa kaya tun hantsi. Irinsa suna da yawa. Akwai masu fasa kafso su barbaɗa garin a kan gyambo kamar yaji a kan tsire. Akwai masu sha har su ji sauƙi, sannan su jefa sauran a aljihun babbar riga saboda gaba. Waɗannan su suka fi ba ni haushi, domin ƙwayoyin cutar da ke fara mutuwa raunana ne. Masu taurin kan suna nan, kuma idan aka tsaya a tsakiya sai su hayayyafa, alhali sun riga sun saba da maganin, gobe ko an kawo shi ba zai razana su ba.

Shekarar da ta fi kowace wuya a sana'ar nan ita ce wadda magani ya yi tsada ya kuma yi ƙaranci a lokaci guda. Kantoci suka yi fayau, diloli suka daina ɗaga waya, wutar lantarki ta ƙi zama har na riƙa sayen ƙanƙara domin abin da ke cikin firji. Mutum zai miƙo takardar likita, ya ji farashi, ya linke ta a hankali ya ce, "Bari in je in dawo," kuma daga ni har shi mun san ba zai dawo ba. A wannan shekara kafso guda ya zama abin daraja, har ana naɗe shi a takarda kamar turare. Ku riƙe wannan, domin sai da shi za ku fahimci Alhaji Ndagi.

Alhaji Ndagi Banufe ne daga Bida, dillalin shinkafa, kuma ban san mutumin da ya kai shi karamci ba. Ba a taɓa jin wanda ya shiga zaurensa ya fito hannu rabbana ba. Ma'aikacin da aka turo ya yanke masa wuta ya sauko daga tsani, bayan ya gama yankewa, ya tafi da mudun shinkafa da ƙullin ƙuli-ƙuli. To, a ranar wata kasuwar Beji, wani ƙarfe a bayan motar kaya ya yanke shi a ƙwaurin hagu. Ya barbaɗa garin kafso, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da ciniki. Ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe shi, har 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa asibiti. Likita ya ɗebi mugunyar aka auna, ya zana layi da alƙalami a iyakar inda jan ya tsaya, ya rubuta wani magani da ba kowane kanti ke ajiye shi ba. Ya kuma faɗa wa iyalin ƙarara cewa idan ciwon ya kai ƙashi, maganar da za ta rage ita ce ta yanke ƙafa.

Na sha wuya kafin in samo maganin. Da aka zo karɓa, na ƙi miƙa shi ga ɗan aike, na fita har bakin mota inda Alhaji ke kishingiɗe. Na yi masa tambayoyin Madam ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya sha a kan lokaci, ya shanye duka ko da ya ji kamar ya warke, kuma idan ya ga ƙuraje, ko kumburin fuska, ko numfashi ya yi masa wuya, ko gudawa mai tsanani, a koma asibiti nan take.

"Malam Zubairu," in ji shi, "ko a makarantar allo ban sha karatu irin wannan ba." Ya miƙo mini ƙuli-ƙuli ta tagar mota.

Ba a daɗe ba, wata rana bayan azahar, Tanko mai faci ya shigo kanti yana tari irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Ya warware wata takarda a kan kanta, ya ce, "Likita, irin wannan nake so. Mai ƙarfi ne."

Na dubi kafson, na gane shi kamar yadda uba ke gane ɗansa a cikin taro. Ba wanda ke da irinsa a yankinmu sai mutum ɗaya.

"Tanko, ina ka samo wannan?"

"Dubiya na je gidan Alhaji Ndagi. Ina zama na yi tari, sai ya ce, 'Subhanallahi! Kana tari a gidana ga magani a ajiye?' Ya ɓallo mini. Na sha sauran, na rage wannan saboda samfur."

Na taɓa goshinsa, zafi rau. Na tambaye shi, ya ce haƙarƙarinsa na soka idan ya ja numfashi, kuma da ya yi niyyar zuwa asibiti, amma da ya samu kyautar Alhaji sai ya ga a jira a ga aikinta tukuna. Ban gama yi masa faɗa ba sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa, aka fito da Malam Isah, ladanin masallacin unguwarmu. Leɓɓansa sun kumbura har sun rufe masa rabin haɓa, jikinsa duk borin jini, yana susa da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi sallama, abin da ya fito ba sallama ba ne. Mai keken ne ya yi bayani: Malam Isah ma dubiya ya je gidan Alhaji, ya ambata cewa muryarsa ta ɗan dushe, aka karrama shi da kafso. Azahar ɗin ranar wani ne ya kira salla. Wannan ba abin jinkiri ba ne, domin kumburin da ya kama leɓe yana iya sauka maƙogwaro ya toshe numfashi. Na cusa Tanko a gefensa cikin keken, na rubuta sunan maganin a takarda na ba su, na ce kada a tsaya ko'ina sai asibiti.

Na rufe kanti, abin da ba na yi da rana, na nufi gidan Alhaji. Zaure cike da 'yan dubiya. Yana zaune a kan katifa, ƙafar a kan matashi an rufe ta da mayafi. A gabansa ga babban faranti: goro a gefe, ƙuli-ƙuli a gefe, a tsakiya kuma katin maganin da na yi yawon nema, saura kaɗan ya ƙare. Daga baya na samu labarin cewa har wani ya karɓa wa ragonsa.

Na yi sallama, na yi masa ya jiki kamar yadda ya kamata, sannan na nemi izinin ɗaga mayafin. Jan ya tsallake layin likita ya doshi gwiwa.

"Alhaji, wa ya ba ka izinin raba maganin nan?"

"Izini? A gidana?" Ya dubi jama'a, suka yi dariya. "Ai na ji sauƙi tun tuni, zazzaɓin ya sauka. Mutum ya baro sana'arsa, ya tako har nan ya duba ni, yana tari a gabana, ni kuma in zauna a kan magani kamar kaza a kan ƙwai? A wannan shekarar da kafso ya fi nama tsada? Me za a ce a Bida?"

Na miƙe tsaye na yi bayani. Na faɗi halin da Tanko ke ciki, na faɗi na ladan, na bayyana yadda ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, ban bar komai ba. Jama'a suna ta cewa, "Gaskiya ne, gaskiya ne," suna kuma ci gaba da taunar ƙuli-ƙuli. Labarin ladan ya taɓa Alhaji ƙwarai, har ya yi salati, ya ce a kai masa shinkafa gida. Amma kan maganar asali bai motsa ba.

"Malam Zubairu, ka yi karatu, amma ka saurara. Maganin nawa ne, ƙafar ma tawa ce. Abin da yake nawa kuwa na baƙona ne, haka na tarar da ubana yana yi. Abin wani ne kawai ba na taɓawa. Amanar mutane buhu-buhu tana sitona, tambayi kowa, ko ƙwaya ban taɓa ɗiba ba."

A daidai nan aka ajiye mini ruwa, aka turo farantin gabana. Na sa hannu na ture shi gefe. Har masu tauna suka tsaya, domin ba a taɓa yin haka a gidan ba.

"Alhaji, ni ma baƙo ne?"

"Babba ma kuwa."

"To, ban ga abin da nake so a farantin nan ba, kuma ko ruwa ba zan sha ba sai na samu."

Fuskarsa ta canja. "Faɗi! Ko mene ne, a gaban mutanen nan, na ba ka."

"Ƙafar nan ta hagu nake so, daga gwiwa har yatsu."

Zaure ya kaure da dariya, wani tsoho har goro ya sarƙe shi. Alhaji kaɗai bai yi dariya ba, yana dubana yana duban ƙafar. Sai muka ji muryar maiɗakinsa, Hajiya Fati, daga bayan ƙofar cikin gida, inda ashe take tsaye tun shigowata.

"Ba shi, Alhaji! Da likita ya ɗauke ta da zarto, ai gara Malam ya ɗauke ta da baki."

Ya shafa gemu. Bai taɓa ce wa baƙo a'a ba, kuma ba a gaban wannan taro zai fara ba. "Na ba ka," in ji shi.

"Shaidu, kun ji?"

"Mun ji!"

"Madalla. Sai dai ba ni da wurin ajiye ta a kanti, saboda haka zan bar ta wurinka amana. Duk maganin da aka rubuta mata nata ne, wato nawa ne. Wanda ya ba wani ko da ƙwaya ɗaya daga ciki, kayana ya ɗiba."

Ya daɗe yana kallona. "Ɗan boko," ya ce a hankali, "ka cuce ni."

"Yanzu kuma, ranka ya daɗe, ina so a kai mini ƙafata asibiti." Na jawo kofin na shanye ruwan, na ɗebi ƙuli-ƙuli.

Ban ba shi wani sabon kati daga kanti ba, kuma ku lura da wannan: maganin da aka katse a tsakiya ba a ɗorawa a kansa da ka, likita ake komawa. Aka kwantar da shi, aka tsaga wurin aka fitar da mugunya, aka koma yi masa allura ta jijiya, domin na baki ya daina wadatarwa. Likita ya ce saura ƙiris ciwon ya taɓa ƙashi. A ɗakin da ke kusa Tanko ne kwance, an tabbatar namoniya ce ta kama masa huhu, kuma maganin da ya dace da shi daban ne da wanda aka yi masa kyauta. Abin da kyautar ta ƙara masa kawai shi ne jinkiri. Ladan ya samu lafiya, leɓɓansa suka koma girmansu na asali. Na rubuta masa sunan maganin da jikinsa ba ya karɓa a ɗan kati, na ce ya nuna wa duk wanda zai ba shi magani har ƙarshen rayuwarsa. Yana ajiye shi a cikin hula.

Da aka sallami Alhaji da sabon magani, dubiya ta dawo sabuwa, kuma a nan ne aka yi ainihin jarrabawar. Hajiya Fati ta aiko mini da labarin wani maƙwabci da ya zauna yana tari yana satar kallon katin, ya yi tari, ya ƙara, har ya gaji. Alhaji ya tura masa goro, ya tura masa ƙuli-ƙuli, ya sa aka auno masa shinkafa, mutumin bai daina tari ba. Daga ƙarshe Alhaji ya ɗaga hannu sama kamar zai yi kuka ya ce, "Wallahi ba nawa ba ne! Na Malam Zubairu ne, je ka kantinsa ka roƙe shi." Haka suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, kowa da tarinsa. Na yi musu tambayoyin Madam, na tura masu zazzaɓi asibiti, na ce wa masu mura su sha ruwan ɗumi su huta. Sunan marowaci da nake amsawa a unguwar nan daga nan ya samo asali, kuma ban taɓa neman a janye shi ba.

Wata safiya ina goge kanta sai na ji sallama. Alhaji Ndagi ne, a tsaye, ba sanda, ba mai riƙe shi. Ya ciro katunan magani ɗaure da roba ya ajiye a gabana, kowane gurbi a fashe, ba ko ɗaya a ciki.

"Ga shaida," in ji shi. "Tun da aka haife ni ban taɓa cinye abu ni kaɗai mutane suna kallo ba sai wannan. Allah Ya yafe mini."

Na duba katunan ɗaya bayan ɗaya, domin ba na karɓar shaida da ka. Na sa ya ɗaga ƙafar wando. Tabo ne kawai ya rage, fata ta koma daidai, ba zafi, ba kumburi. Na ce, "Alhaji, ka cika amana. Na mayar maka da ƙafarka."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba.

"Ni? In karɓe kyauta? A gaban shaidu na ba ka! So kake a ce Ndagi ya ba da abu ya dawo ya amshe? Me za a ce a Bida?"

Na ba shi haƙuri, bai haƙura ba sai da na janye maganar. Tun da kuwa ba na barin kaya ba rubutu, na buɗe rajista a gabansa na shigar: ƙafa ɗaya, ta hagu, mallakar kanti, tana ajiye wurin Alhaji Ndagi. Ya sa hannu.

Saboda haka, idan kuna bayan kanta kuka ga wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafar wando ya ce, "Ku gaya wa Malam ƙafarsa tana gaishe shi," kada ku tsaya dariya. Ku fito ku duba ƙwaurin da kyau, ku tabbata ba ja, ba kumburi, sannan ku karɓi ƙuli-ƙulin, domin ba zai tafi ba sai kun karɓa. Kayan kanti ne, duba shi yana cikin aikinku. Shi kuma mai cewa sana'ar nan daidai take da sayar da biskit, gobe da safe shi zai fara dubawa.